Tambaya: dole ne mai kemis ya kai rahoton mashaƙo?

Mai Kemis:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu aikin lafiya ku taimaka min. Ina da ɗan kemis a unguwarmu nan Kano, kwanan nan ana ta kawo min yara da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, to akwai wata yarinya wuyanta ya kumbura sosai, da na haska bakinta sai naga wani farin abu ya manne can ciki, numfashinta ma har ƙara yake. Na ce su tafi asibiti, uban yace shi dai in basu magani kawai. Raina na bani mashaƙo ne. Tambayata, irin wannan dole ne in sanar da hukuma ko aikin likitoci ne kawai? Wa zan gaya wa? Kuma gaskiya ina tsoron ace na tona musu asiri, maƙotana ne, tare muke sallah.

Malamar Asibiti:
Wslm. Malam kada ka jira ka tabbatar, tabbatarwa aikin lab ne, kai zargi kawai ya isa ka sanar. Mashaƙo na cikin cututtukan da ake kai rahotonsu nan take, cikin awa 24, kamar kwalara, ƙyanda, sanƙarau, zazzaɓin Lassa, shawara, da yaron da bai kai shekara 15 ba ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, DSNO muke ce masa, shi zai cike fom ya ɗauki samfur ya tura jiha, jiha ta tura NCDC Abuja, wato hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa. In baka da lambarsa kaje asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ka samu incaji, ko ka kira lambar NCDC, 6232, kyauta ne. Masu kemis da ungozoma da wanzamai da masu unguwanni duk ana lissafa ku cikin masu kawo labari, don ku ake fara zuwa wa kafin mu.

Amma kafin komai yarinyar nan a kai ta asibiti yau ɗin nan. Dafin cutar yana taɓa zuciya, kuma farin abun yana iya toshe mata numfashi, allurar kashe dafin babu ita a kemis sai a cibiyar da ake kwantar da masu cutar. Kada kowa yace zai kankare abun, jini zai yi.

Ɗan Kurna:
Nidai Anti ki faɗa masa gaskiya, akwai matsala. Wani ɗan uwanmu da aka kai rahoto, mota tazo ƙofar gida mutane sanye da takunkumi, yara suka taru suna kallo, daga ranar aka dena sayen ƙosan matarsa kusan wata guda. Shi yasa mutane ke ɓoyewa, ba wai basu son 'ya'yansu bane. Kuma wani lokacin ka kira ace babu man babur sai gobe.

Malamar Asibiti:
Hakane ɗan uwa, ban musa ba, yana faruwa kuma yana min ciwo, ƙa'ida ita ce sunan mara lafiya ya tsaya tsakanin ma'aikata, ba a zuwa da gayya. Amma ka tuna tun Disamban 2022 da mashaƙo ya ɓarke, Kano ce tafi kowace jiha yawan masu ita, kuma akasari yaran da ba a yi wa penta bane, allurar rigakafin nan ta jarirai ta sati 6 da 10 da 14. In aka sanar, 'yan gidan ana basu magani da rigakafi, a bibiye su. In aka ɓoye, ƙannenta da 'yan makarantar allonsu fa?

Kawu:
Yaro, kar ka kira a bayan idon uban. Ɗauki liman ko mai unguwa kuje ku same shi bayan magariba, ka gaya masa abun da ka gani da idonka da abun da zaka yi. In ya amince alhamdulillahi, in ya ƙi ka sanar duk da haka, haƙƙin sauran yaran layin ma yana kanka. Kuma kasa takunkumi a shagon nan, kai ma kana da iyali.

Mai Kemis:
Nagode Kawu, nagode Anti, Allah ya saka. Ba zan jira magariba ba, yanzu zan rufe in je gun mai unguwa. Anti sauran yaran da suka zo da ciwon maƙogwaro kawai ba kumburi, suma in bada sunayensu ne ko sai wadda ta kumbura?