Neman shawara: rigar sanyi ta kwarashi mai kusurwa shida, saƙar ta ƙi kwanciya

Mai tambaya, daga Tawa:
Salamu alaikum, ƴan uwa masu saƙa. Ina son in yi wa Innarmu jaket mai launi-launi kafin ɗari ya kankama a Disamba. Na ɗauko samfurin da ake saƙa fallaye biyu masu kusurwa shida, a naɗe kowane ya zama rabin riga. Ina zagaye na 7 amma fallen sai tattarewa yake, ya ƙi kwanciya a kan tabarma. In warware ne? Ƙirjin Inna santimita 104 ne, tana son rigar ta sauko har kwankwaso. Zare nawa zan saya, kuma wane iri?

Amsa daga Yamai, unguwar Wadata:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki warware komi, haka ake son shi. Kowace kusurwa irin ta murabba'i kike yi mata, birid 3 (birid shi ne dogon sukan kwarashi), sarƙa 2, birid 3 cikin rami guda, ga su kuma har shida. Kusurwa huɗu kaɗai ke kwanciya daidai, shida dole su yi tattara. Wannan rarar ce ke zama hannu. Ki kama kusurwa biyu masu fuskantar juna ki haɗa, ki shimfiɗa, za ki ga ya koma siffar L: ɓangare ɗaya hannu, ɗayan jiki, tsakiyar da kika fara kuma ta faɗa daidai hammata.

Abin da za ki duba shi ne ƙirga. A zagaye na 7, kowane gefe ya zama yana da rukuni 7 na birid uku-uku. In wani gefe ya yi 8 ko 6, can ne kuskure yake, kuma galibi wurin rufe zagaye ake samunsa, inda mutum ke sake sokawa cikin ramin da ya riga ya cika. Ki rataya guntun zare na wani launi a kowace kusurwa, ki riƙa ɗaga shi sama duk zagaye.

Amsa daga Tawa:
Ɗiyata, maganar awo ita ce mai wuya a wannan samfuri, don haka ki saurara. Tsawon gefe ɗaya na fallen shi ne faɗin zagayen hannu, shi ne tsawon rigar daga kafaɗa, kuma ninkinsa biyu shi ne zagayen ƙirji. Mutane na ta ƙara zagaye har jiki ya ishe su, sai su tarar hannu ya yi faɗin santimita 55, yana shiga miya.

Ki tsaya idan gefe ya kai santimita 42. Da mitar tela za ki auna, kada ki dogara da adadin zagaye, hannun kowa daban yake. Fallaye biyun za su ba ki 84 a ƙirji. Inna tana bukatar kamar 112, tunda bisa riga da zane za ta sa ta, kin san dattijuwa ba ta son abin da ya matse. Saura 28 ke nan. Ki ƙara layuka kai-da-komo a gefen baya na kowane falle har santimita 7, sannan ki haɗa bayan. A gaba ki ƙara 4 kawai kowane ɓangare, ragowar 3 ɗin bakin riga zai cike su daga baya. Kafaɗa kuwa ki ɗinke ta daga bakin hannu zuwa inda asalin fallen ya ƙare, kada ki taɓa ƙarin da kika yi. Wannan santimita 14 da suka rage a ƙeya su ne wuyan rigar. Wadda ta ɗinke har tsakiya, riga za ta riƙa hawa ƙeya tana ja baya.

Tsawo: bayan kin haɗa, ki bi ƙasan rigar gaba ɗaya da layuka har ta kai 65 daga kafaɗa. Hannu kuma ki auna Inna daga ƙashin ƙeya zuwa wuyan hannu, ki cike abin da ya rage a zagaye, kina tsallake rukuni ɗaya ta ƙarƙashin hannu duk bayan zagaye uku don ya tsuke. Santimita 5 na ƙarshe ki yi su da kwarashin da ya gaza naki da rabin lamba.

Amsa daga Yamai, unguwar Yantala:
Zancen zare. Da matsakaicin akirilik da kwarashi lamba 4 da rabi, ki lissafa garam 700 zuwa 800. In dunƙulen na garam 50 ne, ki ɗauki 16. Rabi ya zama na launin da zai mamaye rigar, domin shi zai yi ƙasa, hannuwa da baki. Sauran ki raba wa launuka biyu ko uku. Ki sayi babban launin lokaci guda, ki duba lambar rini da ke jikin takardar ta zama ɗaya. Shuɗi da shuɗi sukan bambanta, cikin shago ba a gani, sai an fito rana. In kuma a Tawa ba a samu isasshe ba, gara ki aiko a saya miki duka a Babbar Kasuwa ta Yamai a sa a mota, da ki haɗa na nan da na can.

Fari ba na hunturu ba ne, ƙura za ta mai da shi ja cikin mako. Baƙi kuma wahalar gani gare shi in da dare kike saƙa.

Amsa daga Tawa:
Hajiya, a yi mini haƙuri, ni ban cika yarda da akirilik ga tsohuwa ba. Da asuba suna zama gaban gawayi, shi kuwa in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Auduga ba ta narkewa.

Amsar ta Yantala:
Gaskiyarki a kan wuta. Amma auduga ba ta riƙe ɗumi sosai, ga nauyi: riga irin wannan za ta tasam ma kilo, ta riƙa zazzagowa. In akwai hali a nemi mai haɗin ulu. In babu, akirilik ɗin, a tsuke bakin hannu sosai, a kuma gaya wa Inna ta cire ta in za ta hura wuta.

Amsa daga Yamai, unguwar Wadata:
Abu biyu da ba a faɗa ba. Falle na biyu yakan fito ya fi na farko girma, saboda hannu ya saba ya saki. Ki saƙa su tare, zagaye biyu nan, zagaye biyu can. Duk inda kika sauya launi ki bar jelar zare ta santimita 12, ki saka ta da allura ta ciki, ki je ki dawo. Ƙulli kaɗai kwancewa yake a wanki na biyu, akirilik santsi gare shi. Kuma ki shafa man kaɗe tun kafin ki zauna, ki bari ya shige, don kaushin hannu na ɗari yana tsinkar zare ya tayar masa da gashi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na naɗe, L ɗin ya fito. In na gama, a goge ta da dutsen guga don ta daidaita?

Amsa daga Tawa:
A'a ɗiyata, kada dutse ya taɓa ta, zai kashe zaren ya yi laɓo-laɓo, ba ya kuma dawowa. Ki wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki naɗe cikin tawul ki danna, kada ki murɗe. Ki shimfiɗa ta bisa tabarma a inuwa, ki ja ta da hannu zuwa awon da kike so, 56 faɗi, 65 tsawo. Kada a rataya ta a igiya tana jiƙe, nauyin ruwa zai ja kafaɗun.