Aiki ya ƙare, ga sabon jariri: alƙali zai rage mini kuɗin ciyarwa?

Salamu alaikum ƴan'uwa, daga Tawa nake. Da muka rabu da uwar ƴaƴana a 2022, alƙali ya yanke in riƙa ba ta jika 40 duk wata saboda yara biyu. Ban taɓa fashi ba. Yanzu aikin direban da nake yi ya ƙare, na koma kabu-kabu, ga amaryata ta haihu. Ragon suna ma bashi na ci.

Na tura kawuna ya roƙe ta, ta ce takardar kotu kawai ta sani. Ban ga laifinta ba, yaran nawa ne.

Kotun da ta yanke zan koma? Takardar sallama daga aiki da ta haihuwar jariri sun isa? In na ba da jika 20 kafin sabon hukunci, sauran zai zama bashi a kaina?