An ba ni motar Kanta in raba fulawa, amma sun ce duk shot a kaina

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa wannan aiki. Adaidaita sahu nake ja a nan Kano, ba tawa ba ce, balas nake kai wa mai ita kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da ke saura a hannuna bai taka kara ya karya ba. Yanzu wani dila a wajen kasuwar Singa ya ce zai ba ni Kanta, ƙaramar motar ɗaukar kaya, in riƙa raba fulawa da sukari da man girki a gidajen biredi da gidajen abinci, cikin gari da Wudil da Bichi, wani lokacin har Dutse. Albashi 85,000 a wata, da 1,500 na abinci duk ranar da aka fita. Sharuɗɗan ne suka tsaya min a rai. Ni zan karɓo kuɗi a hannun kwastoma, duk abin da ya yi shot, wato ya gaza a kaya ko a kuɗi, a cire a albashina, sannan in kawo mutum biyu su tsaya min, ɗaya da takardar fili ko ta gida. Mai takardar da nake da shi surukina ne kaɗai. To haka ake yi ko'ina, direba ya ɗauki shot? Kuma in saka surukina a ciki ko in haƙura? Ranar Asabar aka ce in kai amsa.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Ka karɓa kawai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka. Ga masu digiri nan suna yawo da takardu ba aikin yi. Albashin wata ya fi zaman jiran fasinja a rana.

Mai DAF:
Kanta kuma? Ƙanena, in tuƙi kake so ka zo ka bi babbar mota. Ka yi yaron mota na ɗan lokaci, ka yanki lasisin aji G, ka fara sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas. Abin da za a ba ka a wata, lodi biyu ya ba ka shi in kasuwa ta yi kyau.

Ɗan Kurna:
Na gode Oga, amma iyalina na da tsohon ciki, ba zan iya tafiyar kudu yanzu ba. Maganar shot ɗin nake son a warware min.

Sadiq Sharaɗa:
85 ya yi kaɗan. Maƙwabcina yana raba taliya da katan-katan na lemo, 120,000 yake ɗauka, kuma ba ya taɓa kuɗi, akwai yaron sayarwa da ke bin motar da POS.

Abu Yasir:
A ina ake ba direban Kanta 120? Ƙanen matata 60,000 ake ba shi, ba kuɗin abinci, kuma yana godiya. Mafi ƙarancin albashin gwamnatin tarayya ma 70,000 ne tun 2024, na Kano 71,000. Kada ku sa yaro ya raina samu.

Baba Iro:
Yaro, ka saurare ni da kyau, don wannan aikin da ake maka tayi shi ya raba ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ma wani dila na yi wa, irin kayan nan dai, fulawa da sukari da jarkokin mai. Yayana ne ya tsaya min da takardar filinsa.

Ga yadda abin yake. Da asuba ka je sito, 'yan dako suna lodi suna ƙirga da baki, akawu yana tsaye da biro. Kai kana duba mai da ruwa da taya, ba ka ga abin da ya shiga ba, sai a miƙo maka takarda a ce sa hannu. Daga lokacin da ka sa hannun nan kayan sun zama naka. Ƙusa ta fito a bodi ta farke buhu, naka ne. Ruwan sama ya ratsa tamfol ya jiƙa buhun sama, fulawar ta daskare, mai biredi ya ce ba ya so, naka ne. Jarka ta tsiyaye a ramin hanya, taka ce.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan bashi. Akwai wani mai gidan biredi, tsohon kwastoman maigidana, tare suke cin abinci. Ina sauke masa kaya sai ya ce "Alhaji ya san da zancen, gobe zan tura." In kira Alhaji a waya a gabansa, ya ce ba komai, sauke masa. Magana ce ta baki, ba a rubuta ko'ina ba. Haka bashin ya yi ta taruwa har mutumin ya rufe gidan biredin ya bar gari. Ranar da aka zauna lissafi, Alhaji ya dube ni ido da ido ya ce shi bai tuna ya ce a ba kowa bashi ba, ga takardu da sa hannuna, ina kuɗinsa? Aka kai ni wurin 'yan sanda, na kwana a bayan kanta. Yayana ya sayar da filin da yake tanadi don ya gina wa 'ya'yansa, aka biya, aka sake ni. Bai taɓa faɗa min baƙar magana ba, amma matarsa ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, kuma har ya rasu ban iya haɗa ido da shi ba. Na yayana ke nan, jinina. Kai kuma suruki za ka saka? Ranar da abu ya ɓaci, aurenka ne zai fara girgiza. Wallahi kada ka kai takardar bawan Allah nan.

Maman Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yayanka Baba, Allah ya saka maka.

Abu Yasir:
Allah ya jiƙansa. Amma Baba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙaddararka ce ta zo a haka.

Baba Iro:
Na yarda da ƙaddara, ɗana. Ƙaddarar ce ta sa nake gaya masa.

Hajiya Mai Tuwo:
Ku yi haƙuri in faɗi nawa, ni da ake kawo wa kayan. Baba, abin da aka yi maka zalunci ne, ba na musu. Amma direbobi ma ba duka ne na Allah ba. An sha sauke min buhun sukari da ɗinkin bakinsa ya bambanta da na kamfani, in ɗora a sikeli in ga bai cika kilo 50 ba. A hanya ake farke shi a ɗebi kwano ɗaya ko biyu a mayar a ɗinke. Shi ya sa yanzu sai an auna a gabana nake biya, kuma asusun dila nake tura kuɗi kai tsaye, ba na ba direba ko sisi.

Akawu:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a sito nake aiki, kuma sharaɗin shot ba don mugunta aka kawo shi ba. In babu shi, gas ɗin mota ma sai an zuƙe an sayar a hanya. Malam Ɗan Kurna, amsar tambayarka ta farko: e, kusan ko'ina direba ne ke ɗaukar shot na kaya. Abin da ba ko'ina ake yi ba shi ne a haɗa maka tuƙi da karɓar kuɗi. Aikin mutum biyu ne wannan. Ka nemi a rubuta cewa kwastoma asusun dila zai tura, ba a sauke kaya sai sito sun tabbatar kuɗi ya shiga, don alat na bogi ya yi yawa. In Alhaji ya ce a ba wani bashi, ya turo maka a rubuce ko da saƙon murya a WhatsApp, ka adana. Ka tsaya a bakin mota ka ƙirga da kanka kafin ka sa hannu, ko 'yan dako za su yi ta tsaki. Buhun da ya fashe a hanya kuma a yi masa hukunci dabam da wanda ya ɓata.

Mai DAF:
Ka ji masu biro. Kai da kake zaune ƙarƙashin fanka, ka taɓa kwana a gindin mota a daji? Irinku ne ke rage buhu biyu a lodi ku rubuta ya cika, direba ya biya.

Akawu:
Oga, ka ji tsoron Allah, ba ka san ni ba. Kuma shi cikin gari zai yi aiki, kwanan dajinka bai shafe shi ba. Kai ma ba ka taɓa raba kaya shago-shago ba, wuri ɗaya kake saukewa ka juyo.

Baba Iro:
Shawararka mai kyau ce Malam Akawu, amma wane dila ne zai rubuta wa mai neman aiki wannan? Yana buɗe baki za a ce masa akwai mutum goma a layi.

Bazazzage:
Ni dai abin da ya ba ni mamaki, a ce Bakano zai riƙe kuɗin wani Bakano daga safe har yamma kuma a yi tsammanin su cika. Ku kawo motar Zariya mu riƙe muku amana.

Sadiq Sharaɗa:
Zariya? Ba a Dogarawa aka wawashe tirelar taliya a 2024 ba? Ku fara dawo da taliyar mutane tukuna.

Bazazzage:
Baƙi ne suka yi, mu masu ilimi ne.

Maman Hanif:
Ana maganar rayuwar mutum kuna wasa. Malam, ka yi istihara, kuma ka gaya wa matarka komai kafin ka tunkari mahaifinta.

Sadiq Sharaɗa:
Ku lissafa ma. Buhun fulawa ya haura 60,000. Buhu ɗaya ya yi shot, me ya rage a 85?

Hajiya Mai Tuwo:
Ya sauko, ban saya haka ba wannan karon.

Sadiq Sharaɗa:
Wace fulawar Hajiya? Ai iri-iri ce, ta masu biredi dabam take.

Ɗan Kurna:
Na koma wurin dilan da maganar Malam Akawu. Ya yarda kwastoma su riƙa turawa asusunsa, amma ya ce na ƙauye da yawa tsabar kuɗi suke bayarwa, dole in karɓo. Maganar takardar fili kuma ya ce ba ya canzawa. Na tambaye shi kuɗin hanya fa, in an tare ni, ya ce wannan a cikin 1,500 ɗin ne.

Mai DAF:
A cikin kuɗin abincin? To ka gama aiki da yunwa. Ka fita da mota mai kaya ka gani, kowace ƙaramar hukuma da masu sandarta masu karɓar haraji da rasit ɗinta. Wannan ya ce sitika, wancan ya ce kuɗin lodi da saukewa, wani ya ce na rediyon mota. Ku na cikin jiha ma kuna hutawa. Mu da muke ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan, kafin ka wuce Jebba ka shiga Ilori da Ogbomosho har Ibadan, hannunka bai daina shiga aljihu ba. Kuma sun san kayan gwari ne, ba ka da lokacin gardama. A ajiye ka awa uku a rana, ka ga ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan kwanduna, ka isa Mile 12 mai kaya ya ce kai ka ɓata masa.

Abu Yasir:
Ba an ce an hana karɓar haraji a manyan hanyoyi ba?

Mai DAF:
A rediyo aka hana. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu kayan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu, aka tare motoci a Jebba, tumatir ya yi tsada a Legas ya faɗi warwas a nan. Cire shingayen nan yana cikin abin da aka nema. Aka zauna da gwamnati, aka janye yajin cikin 'yan kwanaki, aka yi alƙawari. Je ka ƙirga shingayen yau.

Akawu:
Wani abin ku ne kuke jawowa. Ku ɗora mutane a saman kaya, takardun mota sun ƙare, dole a tare ku.

Mai DAF:
Takarduna cikakku ne, kuma ko ka nuna su sai an ce kawo na ruwa. Wanda ke riƙe da katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi takarda ya zo karantawa?

Baba Iro:
A zamaninmu ma akwai, amma da rasit ɗaya kake wuce jiha guda.

Sadiq Sharaɗa:
Oga Mai DAF, yanzu nawa kake ware wa hanya daga Kano zuwa Legas? Wani ya ce min ta Lokoja ta fi sauƙi.

Mai DAF:
Wa ya gaya maka? Ta Lokoja ga nisa ga gas, kuma masu sandar Okene sun fi na ko'ina zafi. Wanda ya faɗa maka haka a motar fasinja ya bi.