Dubu 70 ɗin nan, mu malaman makarantun kuɗi muna ciki kuwa?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano, aji uku na firamare, albashina dubu 28. Tun watan Yulin 2024 da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 muke zuba ido, shiru kake ji. Da muka tuntuɓi mai makarantar sai ya ce ai wannan ta ma'aikatan gwamnati ce. Kuɗin adaidaita sahu kaɗai na cinye kusan rabin abin da nake karɓa. Da gaske ne dokar ba ta shafe mu ba?

Ɗan Ƙwadago:
Wa alaikumussalam Malama. Ba haka ba ne, dokar ta hau kan masu zaman kansu ma. Sai dai an yi togiya: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho. Saboda haka ki ƙirga ku duka, har da mai gadi da masu shara. In kun kai 25, haƙƙinku ne. Amma kada ki tunkare shi ke kaɗai, zai sallame ki ya ɗauko wata. Ku haɗa kai ku rubuta takarda, in ya ƙi ku kai ƙorafi ofishin ma'aikatar ƙwadago. Wannan togiyar ita ke ci mini rai. Mun yi yajin aiki a watan Yunin 2024 har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka sauko da buƙatarsu daga dubu 615 zuwa dubu 250, aka ƙare a 70, amma waɗanda suka fi kowa shan wuya an bar su a waje.

Mai Makaranta:
Ni ma ƙaramar makaranta gare ni, kuma wallahi ba na jin daɗin abin da nake biyan malamaina. To amma daga ina kuɗin zai fito? Ina bin iyayen yara kuɗin zango biyu ba su biya ba, ka ƙara dubu biyu su kwashe 'ya'yansu. Gwamnatin Kano ta sa dubu 71 saboda tana karɓar kaso daga Abuja duk wata. Ni nawa kason aljihun iyayen ne.

Baba Ɗan Fansho:
'Yata, ni na ga ƙarin albashi na Udoji da idona a zamanin Gowon. Kafin kuɗin su shiga hannu, 'yan kasuwa sun riga sun ƙara wa komai farashi. Duba ma na yanzu: dubu 30 ta Buhari a 2019 ta haura dala 80, dubu 70 ɗin nan kuwa ranar da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ta je ta taɓa dubu. A yi ƙarin, ban hana ba, amma a kama farashin abinci da na mota.

Maman Khalifa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Mai Makaranta, na ji uzurinka, sai dai namu ya ƙara kuɗin makaranta bana, har sabon gini yake ɗorawa a sama, mu ko sisi ba mu gani ba. Ɗan Ƙwadago, na ƙirga, mun kai 31 har da direban bas. Ya ake tsara takardar, kuma dole ne kowa ya sa hannu? Akwai waɗanda ke tsoro.