RTX 3080 na ɗaukar zafi har wasa na tsinkewa: man rage zafi zan sauya ko fanka zan ƙara?

Ɗan_Wasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Katin girafik ɗina RTX 3080 ne, na hannu. Minti goma da fara wasa sai fankokinsa su kama ihu, hoto ya riƙa tsinkewa. MSI Afterburner, manhajar duba zafi da saita katin, na nuna digiri 84. Gaban akwatin gilashi ne, fanka biyu a gaba, ɗaya a baya, ɗakin kuma babu na'urar sanyaya ɗaki. Ta ina zan fara?

Mai_Sukundireba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kwance komai tukuna. Digiri 84 shi kaɗai bai faɗi ciwon ba, domin a kusa da 83 ne katunan Nvidia irin naka ke fara rage gudu da kansu. Sauke manhajar HWiNFO64, ka yi wasa na minti 20, ka duba wurare uku: GPU Temperature, GPU Hot Spot, da GPU Memory Junction.

Na farko zafin GPU ne, wato ƙwaƙwalwar katin, na biyu kuma wurin da ya fi zafi a kanta, tazararsu ita ce magana. Digiri 10 zuwa 15 lafiya lau. Idan ta haura 20, man rage zafin ya bushe ko ya tsiyaye gefe. Na ukun zafin memori ne. Memori nau'in GDDR6X ke cikin 3080, kuma da ya kai 110 katin zai ja birki ko da sauran lambobin na da kyau.

Sai gwaji na biyu: cire murfin gefen akwatin ka maimaita. In zafin ya sauka da digiri 5 ko fiye, iska ce ba ta shiga, laifin gilashin gaban ne ba na katin ba. Ka kuma haska tocila cikin haƙoran ƙarfen sanyayan. Ƙurar hunturu kan daskare a wurin kamar auduga. Hure ta da bulowa, amma ka danne fankokin da yatsa kada iska ta juya su da ƙarfi ta lalata su.

Ɗan_Wasa:
Na gode Malam. Na hure ƙurar, na gwada. Katin 84, Hot Spot 107, memori 110. Cire murfin digiri 2 kacal ya rage.

Mai_Sukundireba:
To, ciwon na cikin katin, kuma biyu ne: man rage zafi da 'yan katifun ɗauke zafi (thermal pads) da ke kan memori. Ba abin mamaki ba ne ga 3080 na hannu, da yawansu an yi haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su dare da rana kafin a rufe wannan hanya a Satumban 2022, kuma memori haƙar ke gasawa.

Kafin ka sayi komai, nemo kaurin katifun ainihin samfurin katinka. Na Gigabyte daban, na MSI daban, wani wurin milimita 1, wani 1.5, wani 2. Nan ne aka fi yin ɓarna. Katifa ta yi kauri, sai ta ɗaga ƙarfen sanyayan, ya kasa zama sosai a kan GPU, memori ya yi sanyi amma Hot Spot ya haura fiye da da. Ta yi siriri kuma, ba za ta taɓa ƙarfen ba sam.

Kashe wuta, zare katin, ɗauki hoto a kowane mataki. Kwance sukurorin baya, guda huɗun nan masu sifirin su zama na ƙarshe. Raba shi a hankali, wayar fanka gajera ce kuma soket ɗinta na saurin tsinkewa. Goge tsohon man da barasar isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama. GPU ba shi da murfin ƙarfe irin na firosesa, saboda haka ɗigo ɗaya a tsakiya bai isa ba, shafe fuskar gaba ɗaya da siririn sabon man Arctic MX-6, har kusurwoyi. Cire ledar da ke fuska biyu na kowace katifa. Wajen ɗaurewa ka bi sukurori huɗun a gicciye, rabin juyi rabin juyi. Ruwan ƙarfen nan (liquid metal) da ake yabawa a madadin mai, ka bar shi: wutar lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya ya zuba gefe katin ya tafi.

Hajiya_Fasaha:
Duk abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni da rage masa wuta zan fara, kyauta ne kuma ba ya taɓa garanti idan akwai saura. Wat 320 katin nan ke ci, duk kuma zafi yake komawa. A Afterburner ka danna Ctrl+F, jadawalin wuta da gudu zai buɗe, ka kama ɗigon da ke kan 850 mV ka kai shi wajen 1800 MHz, ka miƙe layin da ke bayansa. Wasa ya faɗi, sauke MHz 15 ka sake gwadawa. In hakan ya yi maka wuya, ja Power Limit zuwa kashi 80, bambancin gudun da ƙyar ido zai gani.

Gaskiyar magana dai, wannan ba zai warkar da memori mai 110 ba, buɗewar nan ba makawa. Kuma ka tuna duk digirin da ɗaki ya ƙara, katin ma zai ƙara kusan haka. Lambobin da kake gani a bidiyon Turawa a ɗaki mai digiri 22 ake aunawa, kada ka sa ran su a watan Afrilu. Ɗauke akwatin daga kan kafet ka ɗora a tebur, nesa da bango da taƙi ɗaya aƙalla.