Abin da aka tattauna kan mayar da labarin zane na intanet fim ɗin katun

Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai zane da furodusa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai zane iko kan sarrafa aikinsa, amma "ai mun yi magana a Zoo Road" (titin da ofisoshin 'yan fim suke a Kano) ba hujja ba ce.

2. Labarin da ake karantawa a waya ana ja sama a tsaye yake, allon fim kuwa a kwance. Dole a sake tsara kowane hoto.

3. Aikin ba wasa ba ne. Hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya. Ko an rage zuwa 12, fim mai minti 90 zai ci zane 64,800. Shi ya sa da yawa suka ce a fara gwada minti 5 da manhajojin haɗa katun na kwamfuta, Blender ko OpenToonz, tunda kyauta ne. Sai dai wuta: ba sola, ba aiki.

4. A ɗauki murya kafin zane, don baki ya dace da Hausar.

5. A nan aka rabu: wasu na son muryoyin jaruman Kannywood don kasuwa, wasu sun ce kuɗin zai cinye kasafin. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

6. A kai labarin Hukumar Tace Finafinai tun yana rubuce, kada a gama zane a ce a cire.