Kwanciya kamar gawa a gaban beyar: dabara ce ko ganganci?

Kawu Sani: Assalamu alaikum. Na ji Abba zai bi abokan karatunsa daga birnin Kalgari zuwa gandun dajin Banff da ke Kanada ranar Asabar. Abba, riƙe wannan da kyau: in beyar, wato ƙatuwar dabbar dawan nan mai gashi da farata, ta tare ka, ka zube ƙasa ka yi lamo kamar ka mutu. Za ta shinshina ka ta wuce.

Yaya Auwalu: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya huci zuciyarka, amma maganar nan rabinta ne daidai, ɗaya rabin kuwa zai iya halaka yaron. Beyar iri biyu ce a dajin nan na Kanada. Akwai girizili mai tozo a kafaɗa da dogayen farata, akwai baƙar beyar. Girizili ake kwanta wa, shi ma sai ta riga ta cim maka, don galibi uwa ce ke kare 'ya'yanta. Ka yi rub da ciki, ka harɗe yatsu a ƙeya, ka ware ƙafafu don kada ta birkice ka, jakar baya kuma kada ka cire ta. Baƙar kuwa in ta far maka, ramawa ake yi, da sanda ko dutse, a hanci da ido.

Goggo Hadiza: Innalillahi! Ni ban ga abin musu ba. Ya ranta a na kare mana, ko ya haye bishiya.

Yaya Auwalu: Goggo, gudun ne mafi muni. Girizili tana kai kilomita 50 a awa, kamar ɗan adaidaita a titin Zariya in hanya ta buɗe, kuma gudunka ne zai sa ta bi ka. Baƙar ita kuma gwanar hawan bishiya ce.

Kawu Sani: To Auwalu, na ji ka. Amma na bi mafarauta Falgore, na san yadda gwiwa ke sanyi in dabba ta taso. Wa zai tsaya neman tozo a lokacin? Ko launi zai duba?

Yaya Auwalu: Launi ma yana ruɗi, Kawu. Akwai baƙar beyar mai ruwan ƙasa.

Kawu Sani: Ka ga ni ko! Shi ya sa na ce a ba yaro doka ɗaya.

Abba: Kawu, Yaya, ina gaishe ku. Hukumar gandun dajin ta fi ƙarfafa a lura da halin dabbar. In ka ba ta tsoro ne ta kawo hari, ka kwanta, irin wannan ba ya cika wuce minti 2. In ya zarce, ko ta riƙa bin ka a baya, ko ta shigo tanti da dare, to nama ta ɗauke ka, sai faɗa. Kuma kowannenmu zai rataya gwangwanin feshin barkono a ƙugu. Za mu riƙa ɗaga murya a hanya, in mun hango ta mu bar tazarar mita 100, mu ja da baya a hankali.

Kawu Sani: Kwanciyar tawa dai tana ciki.

Yaya Auwalu: Tana ciki, Kawu, amma bayan feshi ya gaza.

Goggo Hadiza: Abba, ku nawa ne za ku? Kuma abincin fa, a ina za ku ajiye?

Abba: Mu biyar ne, Goggo. Abinci ba ya kwana a tanti, a mota za mu kulle shi.